"Ni" ɗin da ba a rubuta ba

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Japananci, jimlar da zai fara cin karo da ita kusan guda ce: watashi wa gakusei desu. A gefenta an rubuta da Ingilishi, I am a student, wato ni ɗalibi ne. Kalma huɗu nan, kalma huɗu can. Sai mutum ya ji daɗi, ya ce ashe abin ba wuya, a ɗauke watashi a aje I, a ɗauke gakusei a aje student, shi ke nan. To, darasin farko ne kaɗai ke da wannan kirki. Ranar da ka fara karanta abin da mutumin Japan ya rubuto maka da kansa, za ka nemi watashi ɗin nan sama da ƙasa ka rasa. Shi kuwa Ingilishi ba zai bari ka rufe jimla ba sai ka kawo masa I ɗinsa.

Ni Ingilishi nake karantawa a jami'ar Abdou Moumouni, a Yamai. Japananci ba a aji na same shi ba. Kamar yawancin samarin zamaninmu, ta Naruto da One Piece ya shigo mini kunne, a fada, ana dafa shayi, waya ɗaya mutum biyar, fassarar Faransanci na gudu a ƙasan hoto. Daga baya wani fotokofi na Minna no Nihongo ya faɗo hannuna, wanda an yi ta kofe shi daga kofe har wasu shafukan sun koma baƙi ƙirin. A hutu guda na haddace baƙaƙen hiragana 46 da na katakana 46. Kanji kuwa, waɗannan da suka aro daga China, gwamnatinsu ta ware 2,136 na amfanin yau da kullum, ni ban kai ɗari biyu ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka malami ke magana.

Abin da ya mai da wasan nan aiki, baƙuwar Gwaggo ce. Gwaggona, yayar babanmu, tana zaune a wani ƙauye wajen Mirriya. Shekarun baya, lokacin da hukumar JICA ke turo matasa ƴan sa-kai zuwa Nijar, kafin matsalar tsaro ta sa a janye su, wata budurwa ƴar Japan ta yi shekara biyu a ƙaramin asibitin garin tana taya awon yara, ɗakinta kuma katanga ɗaya da na Gwaggo. Matan gari suka sa mata sunan Hausa. Ni ina ƙarami a lokacin, kekenta da malafarta kawai nake tunawa. Ta koma ƙasarsu, zumunci bai yanke ba, amma harshe ya yi ta yankewa. Faransancinta ya yi tsatsa, Hausarta ta rage gaisuwa da sunayen abinci. Da ta ji cewa ɗan Gwaggo na karatun Ingilishi kuma yana taɓa Japananci, sai ta kawo shawara. Kowane mako za ta aiko mini da jimla biyar ko shida, gajeru, a kan rayuwarta, da Japananci mai sauƙi. Ni in mayar mata da su Ingilishi, don asibitin da take aiki yanzu baƙi na zuwa kuma tana son harshen. Ita kuma ta gaya mini ko na gane abin da take nufi. Ran Juma'a bayan masallaci in kira Gwaggo in ba ta labarin da Hausa. Ke nan kowace jimla sai ta kwana gida uku.

Makon farko jimla shida ta aiko. Na ƙirga, babu watashi ko ɗaya. Da na gama fassara na ƙirga, I shida, kowanne tsaye a bakin jimlarsa kamar mai gadi.

Ɗaya daga ciki kalma ɗaya ce tak: tsukaremashita. Ingilishi ya ce I am tired. Amma kalmar tata tana da siffar abin da ya riga ya faru, gajiyar ta zo ta sauka, daidai da yadda mu muke cewa "na gaji". Ba ma cewa "ina gajiya", wannan ai tambaya ce ta gaisuwa. Haka wakarimashita, wanda Ingilishi ke mayarwa I understand, mu kuwa "na gane". A irin wuraren nan na lura in na bi ta Hausa tukuna, hanyar ta fi miƙewa. In na bi ta Ingilishi kai tsaye, sai in tsaya ina mamakin me ya kawo lokacin da ya wuce cikin maganar yanzu, alhali bakina na yin haka tun ina yaye.

Amma ko Hausar tana da "na" a gaba. Ita ba ta sa komai ba. Tambayar da ta dame ni a watannin farko ita ce: in babu "ni" a rubuce, ta ina zan tabbata da kanta take? A wasu wurare amsar ita ce hankali kawai. Mutum ya rubuto maka "gajiya", ba ka tsammanin maƙwabcinsa yake nufi. Amma a wasu wurare harshen da kansa ya ɓoye "ni" ɗin cikin kalmar, kuma nan ne abin ya fi burge ni. Akwai kalmomin da ke faɗin abin da ke cikin rai, kamar ureshii, farin ciki, da kanashii, baƙin ciki, da ɗafin -tai da ake liƙa wa aiki don nuna so, kamar ikitai, son tafiya. In Bajapane ya faɗe su haka tsirara a jimlar bayani, to kansa yake nufi. Ba ya ɗaukar ureshii desu ya ɗora wa uwarsa ko abokinsa haka kawai. In farin cikin wani zai faɗa, sai ya ce ureshisou desu, wato da alama tana murna. In son wani zai faɗa, sai ya ce ikitagatte imasu, tana nuna alamun son tafiya. Nahawun ya hana ka shiga zuciyar wani ka fito da labari kamar ka gani da idonka. Mu muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, su sun mai da wannan doka ta jimla. Don haka in ta rubuta ureshii desu, ba zato nake ba in na ce I am happy. "Ni" ɗin yana nan, ba a bakin ƙofa yake ba ne kawai. Ingilishi kuwa zai ce she is happy da I am happy da murya ɗaya, kamar duka biyun ya leƙa ya gani.

Akwai kuma inda babu tabbas ko kaɗan, kuma ita ma ba ta nemi tabbas ba. A watan Janairu ta rubuto samui desu. Sanyi. Ingilishi ya tsare ni ya ce zaɓi: It is cold, ko I am cold? Garin ne ke da sanyi ko jikinta? Hausa ma tana so in zaɓa tsakanin "ana sanyi" da "ina jin sanyi". Na tambaye ta wanne take nufi, ta ce duka, wai in ana sanyi ai mutum na ji. Manhajar fassara ta waya ba ta tambaya, ɗaya take cafkowa ta miƙo maka, wani lokaci ma ta sa he ko she inda babu kowa. Na zaɓi It is cold don a lokacin mu ma hunturu ya sauko, ƙura ta rufe gadar Kennedy, na ga kamar yanayi muke musaya. Da na gaya wa Gwaggo, ba ta damu da nahawu ba. Cewa ta yi, "Ka ce mata ta riƙa rufe kunnuwanta, yarinyar nan ba ta jin magana."

To ina amfanin watashi wa ɗin da aka fara koya mana? Na daɗe kafin in samo masa abokin zama a Hausa, kuma a wajen mai abinci na same shi. Ku huɗu kun zauna a benci, ta ce me za a zuba muku. Wannan ya ce "ni shinkafa da wake", wancan ya ce "ni kam dambu". Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya ɗauka yaron ya zama dambu. Japanawa suna da irin jimlar nan sak, har masana nahawunsu sun sa mata suna jimlar unagi, wato wani dogon kifi mai kama da maciji da suke gasawa: boku wa unagi da. In ka bi ta kalma bayan kalma zuwa Ingilishi za ka fito da I am an eel, mutum ya zama kifi. Wani masani, Okutsu Keiichiro, littafi guda ya rubuta a kanta a 1978. Abin nufi shi ne wa ba "ne" ba ce, ba kuma alamar mai aikatawa ba ce. Tana ɗaga abu ne ta ce ga wanda ake magana a kai, kamar "kam" ko "dai" ɗinmu. Watashi wa na nufin "ni kam". Yanzu ka ɗauki wasiƙar da kowace jimla ta fara da "ni kam": ni kam ɗalibi ne, ni kam daga Damagaram nake, ni kam ina son shayi. Wa zai so zama da mai irin bakin nan? Haka Japanancin ɗan koyo ke sauka a kunnensu in ya ɗauko kowane I na Ingilishi ya mai da shi watashi wa. Sai in akwai bambantawa take fitowa, kowa ya ce kofi ni kam shayi.

A nan sai in tsaya in ja wa kaina birki, don na ji ƴan fadarmu suna yanke hukunci da sauri: wai Japanawa masu tawali'u ne shi ya sa ba sa cewa "ni", Turawan Ingila kuwa masu son kai ne shi ya sa har babban baƙi suke rubuta I da shi. Ban yarda ba. Gaskiya ne Ingilishi na rubuta I da babban baƙi ko a tsakiyar jimla, abin da Faransanci bai yi wa je ba, amma wannan al'adar rubutu ce. Ingilishi na buƙatar wani abu a gaban aiki ko da babu kowa, har ruwan sama sai ya nemo masa it. Kuma wanda ya kalli finafinan nan ya san mutum na iya cika baki da Japananci har ya gaji. Ba halin mutane nake aunawa ba, abin da kowane harshe ke tilasta maka ka faɗa nake dubawa. Mai fassara shi ke biyan wannan haraji.

Harajin ya fi tsada in "ni" ɗin ya fito fili, don ba ɗaya ba ne. Watashi na kowa ne a wurin ladabi, mata kuma na amfani da shi ko a cikin hira. Watakushi ya fi shi sunkuyawa, na gaban manya ne da taro. Boku na maza ne, mai laushi, kuma baƙin kanjin da ake rubuta shi da shi asalinsa bara yake nufi, kamar yadda mutum zai durƙusa a fadar Sultan ya ce "baranka ne, ranka ya daɗe", sai dai su yau ba sa jin barantakar a ciki. Ore na maza ne tsakanin abokai, mai ƙirji a buɗe, shi Luffy da Naruto ke faɗa. Goku kuwa ora yake cewa, na ɗan ƙauye. Atashi na ƴan mata ne, washi na tsofaffi musamman a cikin labarai. Har akwai chin, wanda a da sarkin ƙasar kaɗai ke amfani da shi, da shi Hirohito ya kira kansa a jawabin rediyo na 15 ga Agusta 1945. Duk waɗannan, in sun iso bakin Ingilishi, I ne. Yaro da sarki da ɗan dambe riga ɗaya ake ba su.

Misalin da ya fi ba ni dariya shi ne sunan littafin Natsume Soseki da ya fara fitowa a 1905, Wagahai wa Neko de Aru. Mai ba da labarin muzuru ne da ko suna ba shi da shi, amma wagahai kalma ce ta babban mutum mai ji da kansa. Barkwancin tun daga suna ya fara. Da Ingilishi an ce I Am a Cat, daidai ne, amma dariyar ta zube a hanya. Da ni aka ba aikin da Hausa, da jam'in sarauta zan bi: "Mu nan da kuke gani, muzuru ne."

Wani abin lura, mu Hausawa mun raba namiji da mace a wajen wanda ake yi wa magana, kai da ke, ka da ki, amma "ni" ɗinmu ɗaya ne. Su sun raba a wajen mai magana. Ingilishi bai raba ko'ina ba, I da you kawai. Shi ya sa in na karanta fassarar fim da Ingilishi ko Faransanci yanzu, kunnena na can wajen muryar, ina sauraron da me mutumin ya kira kansa. Akwai wuraren da yaro ke barin boku ya koma ore, wanda duk ɗan Japan zai ji an yi girgizar ƙasa, amma a rubutun ƙasan hoto babu abin da ya motsa.

Ni ma sai da na zaɓa. Abokaina na fada duk ore ne, don daga bakin Luffy suka koya, kuma tsakaninmu ba laifi. Amma ka ce wa matar da ta girme ka ore, kamar ka gai da uwar abokinka ne hannu cikin aljihu. Da watashi na fara rubuta mata, yadda littafi ya ce. Bayan ƴan watanni ta ce in koma boku, wai watashi ya yi mata kama da ma'aikacin banki, ita kuwa ta san ni ina yawo ba takalmi. Ban san yadda zan fassara wannan canji zuwa Ingilishi ba, don a can I nake jiya, I nake yau. Ita kuma in saƙon na Gwaggo ne kai tsaye, ba ta cewa watashi, da sunan Hausar nan da aka sa mata take kiran kanta. A wajensu ba baƙon abu ba ne, uba na ce wa ɗansa otousan yana nufin kansa, malami na ce wa yara sensei yana nufin kansa, kamar yadda uwa a nan ke cewa "zo wajen Inna".

Akwai jimlolin da Ingilishi ke tsayawa a gabansu hannu rabbana, Hausa kuwa ta miƙa hannu ta karɓa kamar dama tana jira. Mai fita daga gida a Japan yana cewa ittekimasu, aiki biyu ne a haɗe, tafiya da zuwa: zan je in dawo. Na gida su amsa itterasshai. Wato "sai na dawo", "a dawo lafiya". In ya dawo ya ce tadaima, a ce masa okaeri, "na dawo", "sannu da dawowa". A Ingilishi sai ka ga an sa I'm off ko see you later, alkawarin dawowar ya ɓace. A wajen aiki suna ce wa juna otsukaresama, daga kalmar gajiyar nan ta ɗazu, wato "sannu da aiki", "ya gajiya". Ta gaya mini cewa a duk gaisuwar Hausa wannan ce ba ta taɓa sha wahalar koyo ba, don ta zo da ita daga gida. Ingilishi zai ce good job, wanda yabo ne, alhali ba yabo ake ba, gajiyar mutum ake gani. Sai yoroshiku onegaishimasu da ake faɗa in an haɗu da farko, wanda littattafai ke fassarawa nice to meet you. Ba daɗin haɗuwa ake faɗa ba. Roƙo ne: ga ni nan, a riƙe ni da kyau. Abin da uba ke faɗa wa malamin allo in ya kawo ɗansa ya fi kusa da shi.

Wata rana ta rubuto tomodachi ga mikan o okutte kuremashita. Ƙawa ta aiko da lemu. Babu "mini" a ciki, amma kuremashita na nuna cewa abin wajen mai magana ya nufo, kuma alheri ne. Ingilishi ya ce my friend sent me oranges, ya ƙara my, ya ƙara me, godiyar kuma ta tsaya a waje. Na zauna ina kallon "aiko" ɗin da na rubuta a kayena. Aika, aiko. Kai, kawo. Saya, sayo. Wannan "o" ɗin na ƙarshe ai shi ne ke cewa abin wajena ya nufo, ba tare da na ambaci kaina ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina faɗinsa, sai da lemun wata mata a Japan ya nuna mini shi. A lakkwal an koya mana nahawun Faransanci har da abin da Faransawan kansu ba sa faɗa, namu kuwa sai dai mu tsince shi a hanya irin haka.

Kuma mu ma muna da ƙofar ɓuya. "An gode." "Ana gaisuwa." "An zo lafiya?" Wa ya gode? Ni ne mana, amma na janye kaina gefe. Wani ya zo neman rance, ba ka cewa ba zan ba ka ba, cewa kake "wallahi babu", daidai da okane ga arimasen, kuɗi babu, wanda Ingilishi ke mayarwa I have no money, ya ɗora rashin a kan mutum. Wannan "an" da "ana" su ne suka fi cetona ran Juma'a in ina wa Gwaggo bayani. Kiredi na ƙarewa, ita kuma ba ta son dogon zance, sai in ce "an ce ana gaishe ki, an yi kewar furarki". Ta gane sarai wa ya yi kewar.

Daminar da ta wuce Gwaggo ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ina Yamai aka kira ni, kafin motar Damagaram ta kai ni an riga an kai ta. Daren da na isa na rubuta wa baƙuwarta, da Ingilishi da ɗan Japanancin da nake da shi. Tsakaninmu da su awa 8 ne, can gari ya riga ya waye, ba a jima ba amsa ta zo. Jimla biyu ce. Samishii desu. Mou ichido aitakatta desu.

Ba darasi ta aiko ba, amma kaina ya saba, nan take ya fara juya su. Ta farko tana cikin kalmomin nan na cikin rai, don haka na san tata ce. Sai dai samishii ya haɗa kaɗaici da kewa, Ingilishi kuwa ya raba su: I am lonely daban, I miss her daban, na biyun kuma yana neman a faɗi wa aka rasa. Ta biyu, kalma bayan kalma, "sau ɗaya kuma, an so haɗuwa", da -tai ɗin nan na so a siffar abin da ya wuce. Babu ni, babu ita. Wa zai haɗu da wa, ba a faɗa ba, kuma a ganina rashin faɗar ya bar wuri ga Gwaggo ma, don ita ma ta so, ta sha faɗa mini. Bayan kwana biyu ta roƙe ni in ba ta Ingilishinsa, tana so ta rubuta a bayan wani hoto. Na juya na juya, abin da na iya samowa shi ne I wish I could have seen her one more time. Jimla ce mai kyau, malaminmu ba zai ja mata jan biro ba. Ta amsa da godiya, sannan ta tambaya me ya sa I ya fito har sau biyu. Na ce haka ginin yake, wish na son nasa, could na son nasa. Ta ce to.

Ran sadakar bakwai matan gidan suna zaune a tsakar gida kan tabarmi, waɗanda suka san ta suka kira ni. Wata tsohuwa, ƙawar Gwaggo tun ƙuruciya, ta ce, "Kai ɗan nan, an gaya wa yarinyarmu kuwa?" Na durƙusa na ce, "An gaya mata, Iya." Ta ce me ta ce. Na ce, "Ta ce akwai kewa. Ta ce an so a sake ganawa ko sau ɗaya." Suka ce Allah sarki, wata ta ja bakin zane ta share ido. Tsohuwar ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce in tambaye ta ko har yanzu ba ta iya cin yaji, don a zamanta nan ko ɗan tattasai aka jefa a miya sai ta yi ta hawaye tana cewa ba komai.